'Yar Ƙanwar Rajistara

Dorayi, Laraba.

Zuwa ga Yaya Muhyiddeen,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Saudat da yara. Iyakar gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Na koma takarda ne tunda ka daina ɗaga wayata. Jiya da hantsi muna bakin keke a kamfaninmu na tabarmar roba a Sharada, muna ɗinke bakin tabarmi, sai ga muryarka a rediyon ɗakin. Na tsayar da keke ina ta washe baki, ina cewa mata su saurara, ga yayana, rajistaran Kwalejin Jinya ta Garkuwa. Mai shirin ya tambaye ka me ya sa kowa ke rububin kwalejinku. Ka yi gyaran murya ka ce, "Mu babu sani babu sabo. Bana ko 'yar ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, ba mu ɗauka ba."

Ƙanwa nawa gare ka, Yaya? Fiddausi da ke kusa da ni ta miƙa hannu ta kashe rediyon don tausayi, kuma wannan ya fi komai ƙona min rai.

Ban taɓa roƙon ka alfarma a kan 'yata Shifa'u ba. Ka ce ta yi karatu, ta yi, ta bar biki ta bar suna. Da sunaye suka fito babu nata, muka ce ƙaddara ce, muka haɗiye. Ashe tallar kwaleji za a yi da ita. Yanzu ko shago aka aike ta sai an nuna ta, ta daina fita. Tambaya ɗaya nake maka, ka ji tsoron Allah ka amsa: ta ci jarrabawar ko ba ta ci ba?

Ƙanwarka,
Bara'atu.

*

Hotoro, Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Bara'atu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da Malam Bala da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Takardarki ta iso, na kuma lura an rubuta ta cikin fushi, don haka na yi mata uzuri.

Ya kamata ki fahimci yadda harkar take. Gurabenmu kaɗan ne, hukuma ce ta ƙayyade su, masu nema kuwa dubbai. Ginin Garkuwa bai fi na sauran kwalejoji ba, malamanmu ma su ne dai ke koyarwa a can. Abin da muka fi su shi ne suna. Mutane sun yarda a nan ba a shiga da hanya, shi ya sa asibitoci ke ɗaukar ɗalibanmu tun kafin su gama, iyaye kuma suke layi. Makarantar da ke karɓar kowa, babu mai marmarinta.

Game da tambayarki, Shifa'u ta ci, da maki mai kyau. Amma da a ce ta shiga, wa zai yarda ƙoƙarinta ne? Za a ce 'yar ƙanwar rajistara ce. Mai makaranta ya nuna min haka, na ga gaskiyarsa, na cire sunanta da hannuna. Mutuncinta na kare. A rediyo kuwa ban ambaci sunan kowa ba.

Ki yi haƙuri, ki gaishe ta.

Yayanki,
Muhyiddeen Ahmadu.

*

Dorayi, Lahadi.

Yaya,

Salamu alaikum. An yi walƙiya, mun gan ka.

Ta ci! Ka iya zama ka rubuta wannan da kyakkyawan rubutunka. Yarinya ta kwana biyu tana kuka tana cewa ita daƙiƙiya ce, kana ji, ka zo har gida ka ci tuwona ka ce mata ta ƙara ƙoƙari.

Wai mutuncinta ka kare. Kujerarka dai ka kare. A kamfaninmu akwai tabarma guda mai kyau da manaja ya rataye a bakin ƙofa, ya hana a sayar, don 'yan sari su gani su yi ta kwaɗayi. Abin da kuka yi da 'yata ke nan. Ashe haka ake yin suna, a samu wanda ya cancanta a kore shi a gaban jama'a. Kuma da za ku zaɓi na kora, ba ku taɓa ɗan mai makaranta ba, sai 'yar mai ɗinkin tabarma wadda ubanta ke gadi a Challawa, don kun san ba mu da bakin magana.

Na karanta mata takardarka, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba, ta dai tashi ta shiga ɗaki. Wallahi na fi jin tsoron wannan shirun.

Kada ka zo min gida da Sallah.

Bara'atu.

*

Hotoro, Alhamis.

Ƙanwata Bara'atu,

Bayan gaisuwa. Ba zan biye wa zafinki ba, ɗan'uwa rabin jiki ne. Tun bayan shirin rediyon masu neman Garkuwa suka ninka, mai makaranta ya ji daɗi ƙwarai. Wata ɗaliba ta janye, na roƙe shi gurbin, ya bai wa Shifa'u. Sharaɗi ɗaya ne: kada kowa ya san dangantakarmu, don kada maganar da na yi ta zama ƙarya. Ba za ta zo ofishina ba, ba za ta kira ni Kawu ba. Ta zo rajista ranar Litinin.

Yayanki,
Muhyiddeen.

*

Dorayi, Juma'a.

Zuwa ga Rajistara,

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Umma ta ce in yaga takardarku. Ban yaga ba, don gurbin nawa ne tun farko, ba kyauta ba ce. Zan zo ranar Litinin in sha Allah.

Na karɓi sharaɗinku. Ba zan kira ku Kawu a makaranta ba. Don kada bakina ya suɓuce wata rana, na ga gara in daina har a gida.

Ku huta lafiya.

Ɗalibarku,
Shifa'u Bala.