Yatsun Kyaftin

Bani Malik, Jidda

Assalamu alaikum, Baba.

Ina gaishe ku da Inna da su Lailatu. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nake, kada hankalinku ya tashi.

Ranar Talata muka ɗauki masu umara za mu mayar da su Jakarta, ina mataimakin matuƙin jirgin sama. Muna sama a tsakiyar teku injin dama ya fashe, kamar an harba igwa, ya kama da wuta. Jirgi ya karkace, kaina ya bugi gilashi, jini ya rufe min ido. A baya sai salati da kururuwa.

Kyaftin ɗinmu dattijo ne, sa'anka. A ruɗe ya kai hannu zai kashe injin hagu, wanda shi kaɗai ke riƙe da mu. Sau biyu na daka masa tsawa, bai ji ba. Baba, sai na dunƙule hannu na sauke masa a yatsu, har na ji ƙashi ya karye. Na kashe mai cin wutar. Awa biyu muka yi da inji ɗaya kafin mu samu filin sauka.

Kamfani ya dakatar da ni sai an gama bincike, iƙamata kuma, takardar izinin zamana a nan, a hannunsu take. Ba wani abu ba ne. Ɗinki shida kawai aka yi min. Kada Inna ta ji, ka dai sa ni a addu'a.

Kai ka hana ni ɗaga wa babba hannu. Na ɗaga, mutum ɗari uku sun tsira. Ka yafe min, Baba, amma ko gobe Kyaftin ya sake kai hannun nan, sai na karya shi.

Ɗanka,
Munir