Ƙofar Baƙala Ta Tona Asirin Babanka

Sih, Madina
9 ga Rajab, 1421

Zuwa ga ɗana Sabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kana lafiya, kana kuma yin salla a kan lokacinta, ba sai ka gama kallon talabijin ba. Mu nan alhamdu lillah. 'Yar'uwarka Kaltume ta yaye ɗanta, an kuma warware ɗinki shida da aka yi wa babanka a goshi.

A kan goshin nan nake rubuto maka. Kai ne ka bugo waya daga Landan kana zuga shi ya nemi diyya, wai a can ko santsi ya kwashe mutum a kanti sai an biya shi. Abin da ya faɗa mana shi ne yana hanyar masallaci ƙofar ƙarfe ta baƙalar Usmanu, shagon kayan masarufin nan na unguwarmu, ta faɗo masa. Kwana uku yana nishi, 'yan sahun gaba suna ta zuwa dubiya, har liman ya ce jarrabawa ce ta bayin Allah na gari.

Ranar Litinin na raka shi wurin lauya, aka kira Usmanu. Bawan Allah ya ce shi ba ya sauke ƙofa sai an kira salla, kamar kowane mai shago a garin nan. Ya sauke rabi ke nan sai ga Alhaji a guje, ya sunkuya zai kutsa ciki. Ciki fa, Sabiru, masallaci yana bayansa! Lauya ya tambayi abin da ya je saya. Usmanu ya ce basbusa ce, kek ɗin nan mai jiƙe da ruwan sukari, wadda yake ajiye masa kullum da la'asar. Mutumin da likita ya hana zaƙi shekara huɗu, ni ina nan ina fama da dafa masa shayi ba sukari!

Lauya ya ce duk wannan sai an rubuta, a karanta gaban alƙali da shaidu daga unguwa. Ya miƙo alƙalami. Babanka ya dubi takardar, ya dube ni, sai ya ce ya yafe don Allah, Musulmi ba ya kai maƙwabcinsa ƙara. Usmanu ya rungume shi har da hawaye. Ni kuwa sai da muka shiga gida na rufe ƙofa sannan na buɗe masa wuta.

Saboda haka ka daina koya wa manya kwaɗayi ta waya. Karatu aka tura ka.

Ka gaida matarka Wafa da kawunka Idrisa. Fatna da Nadiya suna gaishe ka. Babanka ma yana gaisuwa, ya ce in faɗa maka yanzu kunnuwansa ne ke ciwo.

Mahaifiyarka,
Asama'u