Wa Ya Ɗaure Tiyon Gazuwal?

Zuwa ga Yaya Muttaƙa, sanyin idona, inuwar da nake nema in rana ta take, ruwan farko da ke sauka kan ƙasar Tsarnawa bayan ta gaji da jira. Gaisuwa gare ka mai yawa kamar ganyen albasa a garkar da ta ƙoshi, daga Hanifarka, wadda take rubuto maka yau da hannu mai warin man gazuwal da zuciyar da ta ƙi zama wuri ɗaya.

Ka tuna ranar da ka janyo 'yar taraktar Babana daga rumfa? Tun rasuwarsa ba wanda ya taɓa ta. Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, tsatsa ta cinye mata fenti, Baba Yari ƙanensa har ya fara zancen a kira masu sayen tsohon ƙarfe. Kai kaɗai ka durƙusa, ka shafa ta kamar mai gaida tsohuwa, ka ce da sauran rai a jikinta. Wayyo, da ka san abin da wannan magana ta yi mini! Ni na girma ina bin Baba a bayanta, ni nake miƙa masa sifana, don bai haifi namiji ba. A ranar na dube ka na ga bishiyar da zan jingina da ita.

Ka shimfiɗa buhu a gindin mangwaron garkarmu, ka warware injin gunduwa-gunduwa. Fistan ya kafe, ka jiƙa shi da mai, kana lallaɓa shi da guntun katako har ya sauka. Ka wanke baƙin da ya daskare, ka sa sababbin ringi, ka canza tiyon mai da ya fashe. Ina kawo maka fura, ina jinkirin komawa gida da gangan, kana yi kamar ba ka lura ba. A gindin bishiyar nan ne ka ce mini, ba tare da ka ɗago kai ba: "Ranar da injin nan ya tashi, washegari magabatana za su zo wurin Baba Yari." Na riƙe wannan magana kamar yadda kurciya take kwanciya a kan ƙwanta.

To ga shi an yanke gero, an roro wake. Maƙwabta sun kafce garkunansu sun fara dashe, irin albasarmu yana tsufa a kwamin reno, injin kuwa kullum tari yake yi ya mutu. Ka ce iska ce ta shiga. Ka ce matatar mai ce. Daga baya ka ce famfon mai ne, sai an nemo wani a Konni. Kowace Laraba ka hau kabu-kabu da rigarka ta Juma'a, ka dawo da turare a jiki, hannu wayam. Yaya, wane famfo ne ake sa masa riga mai aiki? Wane shagon ƙarafa ne yake ƙamshi haka? Na ji an ce mai shagon da kake zuwa yana da ɗiya, Ilham, mai zama a bayan tebur. Na rantse ban tambaya ba, maganar ce ta zo ta same ni a bakin rijiya.

Jiya da hantsi, kana Konni, na tafi garka in ba shuka ruwa. Na tsaya ina kallon taraktar, sai na durƙusa a inda Baba yake durƙusawa. Na bi hanyar mai da yatsa tun daga tanki, kamar yadda ya koya mini. A can ƙasa, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta, na tarar an lanƙwasa sabon tiyon, an ɗaure shi tamau da siririyar waya. Na san makanike yakan ɗaure tiyo in zai cire famfo, don kada mai ya zube. Amma famfo yana wurinsa, ƙusoshinsa a matse. Kuma shekaranjiya a gabana ka yi ta juya manibel, ƙarfen tada inji, gumi yana zubo maka, ka jefar da shi kana cewa ya ƙi!

Na kwance wayar. Na sassauta ƙusar iska har kumfa ta ƙare, mai ya zo tas. Na yi bismilla, na kama manibel da hannu biyu, na juya har kafaɗata ta yi zafi. Ya tashi, Yaya! Ya yi hayaƙi fari, ya yi baƙi, sannan ya daidaita, yana bugawa da muryar da na sani tun ina ƙarama. Tsuntsaye suka watse daga kan mangwaro. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban san ko na kewar Baba ne ko naka ba. Aikinka ya yi kyau, babu abin da ya rage a injin nan. Ka gama shi tun tuni.

Me ya sa, ya hasken safiyata? Ni ce na tsufa a idonka tun ban shiga gidanka ba? Alkawarin ne ya yi maka nauyi, ka rasa bakin janye shi, ka bar ƙarfe yana yi maka ƙarya? Na yi ta neman wanda zan ɗora wa laifi don in wanke ka. Na ce ko Baba Yari ne, tunda shi ma yana da mabuɗin garka, kuma bai taɓa son gyaran ba. Amma gwiwarsa ba ta barinsa ya durƙusa ko a sallah, kuma na san murɗin hannunka, da shi ka ɗaure mana shinge. Wani lokaci zuciyata takan raɗa mini cewa wataƙila zaman gindin mangwaron ne ba ka so ya ƙare. Ina son in yarda da ita, sai ƙamshin turaren nan ya dawo mini.

Baba Yari ya ji ƙarar daga gonarsa, ya taho yana dogara sanda. Kafin ya iso na kashe injin. Ya ce: "Hanifa, mai gyaran ya gama ke nan?" Na sunkuyar da kai na ce tari kawai ya yi ya mutu, kamar kullum. Ban taɓa yi wa babba ƙarya ba sai jiya, kuma dominka na yi.

Ba zan kai ƙararka wurin kowa ba, ko Inna ban faɗa wa ba. In akwai wata, faɗa mini da bakinka, zan ji zafi amma zan tashi. In tsoro ne, zo mu ji tsoron tare. Ni dai zuciyata tana nan inda ka bar ta, ba ta san wata ƙofa ba, kuma ba za ta koya ba.

Na mayar da wayar yadda na same ta. Gobe bayan la'asar zan zo garka, in tsaya a gefenka. Ina so in ga ko za ka kai hannu ƙarƙashin tanki, ko za ka sake ɗaukar manibel ka yi mini gumi.

Taka, wadda ba ta da wani sai kai, yau da gobe da ranar da Allah zai raba,
Hanifa