Marafan Kwalban Kawu Danjuma

Lahadi da dare, unguwar Nima.

Yau ma an lallasa mu, uku da nema. Wasa shida ke nan a jere ba mu ga nasara ba. Bayan Magariba 'yan kwamitin ƙungiya suka zauna a ƙofar shagon Alhaji Sule, aka yanke cewa koci da manaja duk su sauka.

To wa zai hau? An ambaci Awudu na Kotobabi, yana da takardar horarwa, amma ya rantse ba zai karɓi aikin wanda ya koya masa ƙwallo ba, sai in shi da hannunsa ya miƙa masa usur. Sabon manaja kuwa wai Fuseini direba za a ɗora, mutumin da duk ranar wasa yana hanyar Kumasi.

Sai Alhaji ya dube ni ya ce, "Musa, kai ne kyaftin, kuma koci kawunka ne. Daga bakinka zai fi sauƙi." Sauƙi ga wa?

Na je. Na tarar da Kawu Danjuma a kan tabarma, ya jera marafan kwalba goma sha ɗaya, yana tsara wasan mako mai zuwa. Ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Ɗana, wannan kai ne. Tsakiya zan mayar da kai, na gano inda matsalar take."

Na buɗe baki, abin da ya fito kawai, "Allah ya ba mu sa'a, Kawu." Ya ce amin, har da shafa fuska.

Marfin yana aljihuna. Gobe da Asuba sahu ɗaya zan tsaya da Alhaji.