Ka cire buhun da ke tagarmu

Baban Mus'ab,

Na bi Inna Tasalla ta maƙwabta zuwa asibiti a Malumfashi. Kada ka tarar ba kowa a gida hankalinka ya tashi.

Bayan ka tafi fadama na kai mata kunu, na yi ta sallama, shiru. Ina tura ƙofa wani zafi da warin gawayi suka buge ni. Sai ga ta yashe a gefen kasko, jikarta Sakinatu na ta amai. Innalillahi! Na girgiza ta, ko motsi ba ta yi ba. Ihun da na yi ne ya kawo Sanda direba, muka fito da su tsakar gida. Sai da iska ta ratsa ta sannan ta buɗe ido. Ka san abin da ta fara cewa? "Suwaiba, kashe garwashin nan, kada ya cinye a banza."

Ashe taga ta toshe da buhu, ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don ɗumin ya daɗe, tunda gawayi ya yi tsada.

Don Allah kafin yara su taso daga makaranta ka cire buhun da ke tagarmu. Kasko kuma ba zai ƙara kwana a ɗaki ba. Barguna na cikin akwati.

Wallahi ni na koya wa Inna Tasalla toshe tagar ranar Juma'a, har ina yabon dabarata. Ɗanta na hanya daga Funtuwa, ban san da wane ido zan kalle shi ba.

Suwaiba