Rigar da Na Wanke

Litinin, 6 ga Nuwamba
Na kai wa Ilyasu abinci gidan kaso. Wata goma sha huɗu ke nan yana jiran shari'a. Da hagu ya karɓi kwanon, dama ta kumbura suntum. Wani gandiroba ne ya take masa ita, wai ya yi gardama a layi. Tela ne fa mijina, da hannun nan muke ci! Ya miƙo mini rigarsa a dunƙule, ya ce, "Kai gida." Bai ƙara ba, ana kallonmu.

Talata, 7 ga Nuwamba
Jini kaca-kaca a rigar, har da sawun takalmi. Inna ta koya mini najasa ba ta kwana a ɗaki, don haka jiya ina isa unguwarmu Poumpoumré na jiƙa ta, na dirje, na sa bula. Ta fito fes, har da jin daɗina.

Alhamis, 9 ga Nuwamba
Maître Clémentine ta zo, lauyar da ke shigar wa fursunoni ƙara. Tana so kotu ta tilasta a kai shi asibiti kafin yatsun su sandare. "Ina rigar da ya ba ki?" Na ɗauko ta a goge, tana ƙamshin turare. Ta dafe kai. "Madame Sadiƙa, ai ita ce shaidarmu!"
Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Litinin, 4 ga Disamba
An kori ƙarar. Wai santsi ne ya kwashe shi a banɗaki.

Lahadi, 10 ga Disamba
Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. "Ta sha wanki," kawai ya ce. Wallahi ina nadama, tsabtata ta cuce shi.
Da zan taso ya cusa wata riga ƙarƙashin kwanuka. Ta Thierry ce, abokin ɗakinsa, ita ma duk jini. Aikin gandiroban nan ne dai. In laifin ya tabbata a kan gandiroban, ana iya sake duba ƙarar Ilyasu.

Laraba, 13 ga Disamba
Maître tana Maroua, sai Juma'a. Rigar na cikin ambulan a akwatina, na rubuta ranar a kai. Inna ta gani, ta toshe hanci: "Jinin wani ƙato kwana uku a ɗakinki? Ba tarbiyyata ba ce wannan!"
Na ce mata sabulu ne ya ƙare. Ga shi can sanda biyu a bayan randa.