Gilashin Kwamfutar Baba Jethro

Laraba, 15 ga Yuli, 1998

Baba Jethro ya zo rumfata da rana, ba rediyo ya kawo ba. Tun da aka sallame shi daga aikin akawu a Gagarawa yake yawo ba abin yi. Yanzu wai kwamfuta zai saya da kuɗin sallamarsa, irin mai naɗewa ɗin nan, ya riƙa bin sakatariya da kasuwanni a babur yana buga wa mutane takardu. Yana so in raka shi Maigatari in duba masa. Na ce ni rediyo na sani, firamare ma ban ƙare ba. Ya ce, "Injiniya, waya ai waya ce."

Alhamis, 16 ga Yuli

Mun je Maigatari. Guda biyu Hussaini dillali ya shigo da su daga Damagaram, duk na hannu. Ɗaya siririya, a liƙe ruf, na juya ta ban ga ta inda ake shiga ba. Ɗayar mai kauri ce, ga nauyi. Amma ka ja wani ɗan maƙulli batir ya fito, ka ja wani gidan faifai ya fito, ko'ina sukurori a fili. Hussaini ya ce in ta yi maka kaɗan ma ana ƙara mata ƙwaƙwalwa.

Siririyar Baba yake so. Na ce masa abin da yake buɗuwa ba ya mutuwa gaba ɗaya, yanki-yanki yake mutuwa, yanki kuwa ana sake shi. Ya ɗauki mai kaurin. A hanya yana ta mitar kafaɗarsa.

Asabar, 8 ga Agusta

Ruwa ya dake shi a hanyar Sule Tankarkar, madannai suka daina amsawa. Na cire su, na shanya, na mayar. Ta tashi. Maman Hope, matarsa, ta aiko min da dafaffiyar masara. Na ji daɗin kaina, ba laifi.

Litinin, 21 ga Satumba

Babur ya zame da shi. Shi lafiya, gwiwa ce kawai. Gilashin kwamfutar ya tsage, baƙi ya malale a ciki kamar tawada.

Na ce kada ya damu, gawa za mu jira. Ya zaro ido. Sai da na yi masa bayani: mu a sana'armu rediyon da ya mutu ba a yar da shi, gawa muke ce masa, a ajiye a kanta, ran da irinsa ya zo da ciwo a ciri abin da ake so. Duk abin da aka ƙera yana da ɗan'uwa da ya mutu a wani wuri. Haƙuri ne kawai. Ban taɓa jira ban samu ba.

Alhamis, 8 ga Oktoba

Maigatari. Babu.

Alhamis, 22 ga Oktoba

Babu. Hussaini ya ce tun da yake bai ga irinta ba sai wannan ɗin. Ya tambaya a Kano, an ce sai an aika Legas, kuma ba tabbas.

A mota na yi ta tunani. Rediyo kowane gida akwai, shi ya sa gawarsa ba ta wuya. Wannan kuwa, daga Gumel har bakin iyaka, mutum nawa ke da ita balle ta mutu masa? Ban kawo wannan a raina ba a watan Yuli.

Lahadi, 1 ga Nuwamba

Na je gaishe su bayan sun dawo daga coci. Maman Hope ba ta ɓoye min ba. Ta ce in Kirsimeti ya zo ba aiki, gida za su koma, can wajen Kafanchan, ko noma a yi. Hope a Gumel aka haife ta, ba ta ma jin yarensu sosai. Baba yana zaune yana shafa murfin kwamfutar. Ya ce da matarsa ta bar ni in sha ruwa, ba ni na kayar da babur ba.

Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Talata, 24 ga Nuwamba

Wani Malam Ishaƙ, ma'aikacin allurar dabbobi a Sule Tankarkar, ya zo da jaka. Hussaini ne ya turo shi. Ya buɗe ta. Kwamfuta ce irin ta Baba sak. Gilashi garau, ko ƙarzane babu. Ya ce ta daina tashi, sai ƙara take yi ta yi shiru. An ce masa ta ƙone. In ba ta gyaruwa, in ba shi abin da ya sawwaƙa in riƙe, ya gaji da ɗaukar kaya.

Na ce ya dawo gobe.

Da ya tafi na buɗe ta. Ba abin da ya ƙone. Wani ɗan siririn allo ne ya zame daga mazauninsa, jijjigar hanya ce. Babban yatsa kawai yake so.

Na zauna da ita har la'asar ban danna allon ba. Shi da bakinsa ya ce ta mutu. Ba wanda ya gani. Na san masu gyaran da ko tunani ba za su tsaya yi ba. Har na kwance sukurori biyu na gefen gilashin, in ciro wa Baba.

Laraba, 25 ga Nuwamba

Na mayar da sukurorin. Na danna allon. Ta tashi.

Malam Ishaƙ ya yi ta godiya, yana cewa kayan da ake buɗewa su ne kaya, zai gaya wa abokan aikinsa irinta za su saya. Na roƙe shi ko zai sayar da ita. Ya ce yanzu da ta tashi?

Da yamma na je na gaya wa Baba duka, har da sukurori biyun.  Ya ce, "Da ka kawo min, da na karɓa, Ɗayyabu. Ba zan tambaye ka daga ina ba. Gara da ba ka kawo ba." Maman Hope ta tashi ta shiga ɗaki.

Asabar, 19 ga Disamba

Sun tafi da safe. Na taya su ɗaure kaya a saman mota. Abin da ke ajiye aikinsa a ciki na zaro masa, ya naɗe a hankici ya sa a aljihun gaba. Sauran ya miƙo min. Ya ce, "Ga gawarka, Injiniya. Wani ya amfana." Ya yi dariya. Hope ba ta ɗago kai ba.

Alhamis, 31 ga Disamba

Azumi ya yi nisa. Ban je Maigatari ba, Hussaini ne ya biyo ta rumfa. Madannan Malam Ishaƙ sun fara maƙalewa, yana so in ciro masa na Baba. Ya duba kan kanta bai ga kwamfutar Baba ba. Na ce tana gida, rumfa tana yoyo. Ya kalli sama, ko gajimare babu, ya kalle ni.

Na ce madannan ba na sayarwa ba ne. Lafiyarta ƙalau, gilashi ne kawai.